Kwana Goma Sha Bakwai Da Na Ɓoye Wa Dauda

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Dauda, kuma sai bana na iya zama na rubuta wani abu a kansa. Lokacin da ya rasu jaridun ƙasarsu sun buga hotonsa, 'yarsa ta turo mini wasu. Sun ce yankin Wales ya yi rashin ɗan wasan kwaikwayo da ya tsufa yana fitowa a dandamali da talabijin da fim. Kusan kowace jarida sai da ta ambaci ɗingishinsa, wai da shi ake gane shi tun kafin ya buɗe baki. Babu wadda ta faɗi inda ya samo ɗingishin. A Jega ya samo shi, kuma ni ne sanadi. Abin da ya hana ni rubutu ke nan duk shekarun nan, shi ne kuma ya zaunar da ni yau.

Ba Dauda ne sunansa na yanka ba. Nasa sunan ya ƙi zama a bakin mutanenmu, sai wani mahauci a kasuwar Jega ya ce a daina wahala, ai Dauda ne. Ya amsa, ya kuma riƙe sunan, har da shi yake sa hannu a wasiƙun da ya yi ta rubuto mini daga baya. Ya zo mana yana saurayi, cikin Turawan nan da ake turowa su koyar shekara biyu su koma. Ni ma sabon malami ne a makarantar, aka ba mu gida ɗaya. Abu guda ke ɓata masa rai, a ce masa ɗan Ingila. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya shiga bayani cewa su mutanen Wales ne, suna da harshensu, ubansa makiyayin tumaki ne a kan duwatsu, kuma sai da ya shiga makaranta ya koyi Turanci, kamar yadda ni ma na koya. Da muka gane nan ne ƙaiƙayinsa yake, kullum sai mun sosa masa.

Turanci aka kawo shi ya koyar, amma hankalinsa na kan wasan kwaikwayo. Ranar kasuwa zai samu benci kusa da rumfar mahauta ya zauna, ba ya sayen komai, ƙafafun mutane kawai yake kallo. A nan ya koyi Hausarsa, shi ya sa ta fito irin tamu ta nan, har baƙi daga Kano su tsaya suna kallon Bature yana cewa "munka tahi". In mun dawo gida sai ya tashi ya yi mini tafiyar dillali, ya yi ta direban da aka hana lodi, ya yi ta mai unguwa in ya hango hakimi. Ba ya cewa uffan, amma sai na faɗi sunan mutumin. Ya sha gaya wa ɗalibanmu cewa ɗan wasa daga ƙafa yake farawa, in ka samu tafiyar mutum to muryarsa za ta biyo baya da kanta.

Ina tuna wannan maganar duk lokacin da na ga samarinmu na yanzu suna ɗaukar wasan barkwanci da waya a bakin tasha. Wasunsu suna da baiwa ƙwarai, kuma na san da Dauda na nan da ya fi kowa dariya, don ba shi da hassada. Amma da ya karɓi wayar ya juya ta sama da ƙasa yana neman sauran jikin, tunda daga ƙirji zuwa kai kawai ake nunawa. Zaro ido ne da murguɗa baki, an gama. Da ya tara su a inuwa ya sa su yi ta zagaya fili har su yi fushi da shi, kamar yadda namu ɗaliban suka yi.

A shekararsa ta biyu na rubuta wasa, na farko kuma na ƙarshe a rayuwata. Labarin wani tsohon manomin albasa ne daga Jiga Birni da dillalin da ke yi masa daɗin baki. Dauda ya ce shi zai fito a tsohon. Labari ya bazu cewa Bature zai sa 'yar shara da malfa ya yi Hausa a gaban jama'a, mutane suka fara tambayar rana tun daga Dangamaji.

Ni kuwa mutum ɗaya nake so ya zo, mahaifina. Malamin zaure ne, ya so in gaje shi, na bi boko. Bai taɓa zagina a kan haka ba, amma bai taɓa tambayata yaya aiki ba. Wasan kwaikwayo kuwa a wurinsa shirya ƙarya ce da rana tsaka. Sai dai Dauda ya saba zuwa gaishe shi, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya jira sai an ce ya tashi. Wata rana bayan ya fita, tsohon ya ce da ni ba tare da ya ɗago daga littafinsa ba:

"Bello, wanga Bature naka shina da ladabi. In shi ka yin wasan, za ni zuwa in gani. Sau guda."

A makon da zai biyo bayan ranar wasan mahaifina zai tashi zuwa aikin hajji, makaranta kuma za ta tafi hutu, kafin a dawo Dauda ya koma ƙasarsu. Ranar ba ta ɗaguwa ko da kwana ɗaya.

Saura kwana ashirin da uku muka hau babur zuwa Gumbin Kure, don Dauda ya ji labarin wani dattijo mai irin tafiyar da yake nema. A hanyar dawowa, shi ke tuƙi, an yi ruwa, tayar gaba ta zame. Ni na faɗa cikin gona na tashi ina kakkaɓe riga. Shi babur ya danne masa ƙafar hagu, ƙashin ƙauri ya karye.

Wanda ya san ƙasarmu ya san ba a shawara a kan karaya, Aliero ake nufa, garin masu ɗori. Dauda da kansa ya ce a kai shi, don ya ga ɗalibansa da aka ɗora sun dawo suna buga ƙwallo. Wani tsoho mai ɗori ya karɓe mu. Ya shafa ƙafar da yatsunsa kamar mai neman tsakuwa a cikin gero, ya yi addu'a ya tofa, ya sa aka riƙe, ya ja sau ɗaya. Sannan ya jera kara ya ɗaure. Ina so a rubuta wannan a sani: aikinsa ya yi kyau, babu kuskure ko ɗaya a hannun tsohon nan.

Aka ba Dauda ɗaki a gidan, ni na zama mai jinya. Kullum in na tashi daga makaranta sai in wuce Aliero da abinci da takardun wasa. Yana kwance a tabarma muke bita, ya haddace komai, har ya gyara mini wurare. Ko sau ɗaya bai ce a fasa ba, amma kullum sai ya tambaya yaushe zai taka.

A wurinmu, mai magani ba ya gaya wa majinyaci abin da zai karya masa zuciya. A gabansa sauƙi kawai ake ambata. Ainihin magana mai jinya ake ja gefe a gaya wa, shi kuma amana ce a wuyansa ya san yadda zai yi da ita. Ana gobe wasa na tambayi tsohon ko za mu iya tafiya da shi. Ya duba ƙafar, ya ce wa Dauda alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Sannan ya yafito ni zuwa bayan zaure.

"Malam, kai ad da majinyaci, kai za ni gaya ma," in ji shi. "Ƙashi ya kama, amma ɗanye na. Ku tahi da shi in kuna so, amma kas shi taka ƙasa sai ya cika arba'in. In yat taka, ni na hita."

Na koma ɗakin. Dauda ya ɗago a kan gwiwar hannu ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce ka warke. A dai bi a hankali."

Ban yi tuntuɓen harshe ba, ban kuma manta ba. Tsakanin bayan zaure da ƙofar ɗaki bai fi taku goma ba, a cikinsu na shirya abin da zan faɗa. Na ce wa raina ai tsohon manomin da sanda yake tafiya, ai minti arba'in ne kawai, ai masu ɗori sun saba ƙara kwanaki don tsoro. Gaskiyar ita ce ina son ubana ya zauna ya kalli abin da na rubuta, kuma na ga ƙafar wani ta fi wannan arha.

Bayan la'asar aka yi wasan a filin makaranta. Ban taɓa ganin taro irinsa a wurin ba. Dauda ya sa aka rufe ɗaurin da tsumma kamar tsoho mai ciwon sanyi, ya fito yana dogara sanda, kafin ya ce komai fili ya ɗauki shewa, don kowa ya ga kakansa. Mahaifina yana gaba a kan buzu, fuska a ɗaure. Kusa da ƙarshe akwai inda manomin ke gane an cuce shi, ya jefar da sanda ya bi dillali da gudu. Ni na rubuta wurin, ina kuma da damar in cire shi da safen nan, ban cire ba don nan ne daɗin wasan yake. Dauda ya jefar da sanda. Taku uku ya yi, a na huɗu ya zube.

Jama'a suka kwashe da dariya, sun ɗauka cikin shiri ne. Ina tsaye a gefe na ga fuskarsa ta yi fari fat, gumi na zuba. Bai yi ihu ba. Daga zaune ya ƙarasa wasan, yana jifan dillali da albasa yana ja masa Allah ya isa, mutane har da riƙe ciki. Na waiga na ga mahaifina ya rufe baki da bakin rawani, kafaɗunsa na rawa. Da aka watse ya kira ni ya ce, "Ashe abin naku jan kunne na. Allah shi yi ma albarka." Abin da na nema na samu, ba zan ce ban ji daɗinsa ba. Ina cikin jin daɗin ne aka zo aka ce Dauda ya kasa tashi.

Muka mayar da shi Aliero. Tsohon ya kwance ɗaurin, ya taɓa, ya ɗago ya dube ni. A gaban majinyaci bai ce komai ba, al'adar da na ci amanarta ita ce ta sake rufa mini asiri. Sai a waje ya ce, "Na gaya ma ko ban gaya ma ba?" Na ce, "Ka gaya mini, Baba." Ya ce, "To, kai da Allah." Ya sake ɗorawa, amma ƙashin ya riga ya goce. Da aka kwance, ƙafar hagu ta gaza ta dama da kamar yatsa biyu.

Dauda kansa ya ɗora wa laifi, wai an ce a bi a hankali shi kuma ya yi gudu. Ranar da zai tafi na raka shi tasha, na yi masa abin da muke yi in za a rabu. Na ce ya yafe mini duk abin da na yi masa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ya yi dariya, ya ce wannan al'ada tana burge shi, ya ce ya yafe, ni ma in yafe masa. A bayan wannan kalma na ɓuya shekara da shekaru.

Da ya koma gida ya shiga makarantar koyon wasa. Ya fara da ƙananan zauruka a garuruwansu, yana wasa da harshen uwarsa, daga nan talabijin, daga nan fim. Yana aiko mini da hotuna, daga baya kaset. Na gan shi a tsohon soja, na gan shi a mahaƙin kwal da rami ya rufta wa, na gan shi a mai kanti mai baƙin rai, na gan shi a limamin coci. Ko minti biyar aka ba shi sai ka manta da jarumin. Amma jarumin wani ne kullum. Sau ɗaya ya rubuto cewa an gwada shi a matsayin wani sarki mai yaƙi da takobi, rawar da ya yi mafarkinta tun yana yaro, aka ba wani. Ya ce sun ce muryarsa ta sarki ce, ƙafarsa ta mai gadin sarki. Da wasa ya rubuta, har da zanen ɗan mutum da sanda a gefen takardar. Ranar ban iya cin abinci ba, matata ta yi ta tambaya ko zazzaɓi ne.

A wata wasiƙar ya ce likitocinsu sun duba ƙafar sun ce aikin mai maganin ƙauye ne ya lalata ta, shi kuma ya yi musu faɗa. Wannan ya sa na je Aliero na samu tsohon, lokacin ido ya tafi, na ce ana zaginsa a ƙasar da bai sani ba saboda ni, ya yafe mini. Ya ce, "Nawa na yahe. Na Bature kau, ba ni ad da shi ba." Yanzu jikokinsa ke aikin, har sukan ce a kawo hoton ƙashi kafin su taɓa. Da Dauda ya ga haka da ya ji daɗi, don har ya mutu bai yarda a taɓa mutuncin gidan nan ba.

Na fara wasiƙar faɗin gaskiya ya fi sau goma. Kullum sai ta koma labarin damina da farashin albasa da wanda ya rasu cikin ɗalibanmu. Bayan na yi ritaya na je wurin wani malami a Maiyama, na ce wani ne ya aiko ni da tambaya, ko yafiyar da aka nema a dunƙule ta wadatar. Ya saurare ni har na gama, ya ce:

"Wanda yat turo ka, ka ce mai abin da mutum ya san in anka hwaɗi sai ran mai shi ya ɓaci, wanga sai an kira shi da sunanshi. Kuma ka ce mai shi yi sauri, Malam Bello, don na ga hurhura ta kama shi."

Ban yi sauri ba. Na ƙara shekara uku ina cewa bari Sallah ta wuce, bari a gama girbi. Sai wasiƙunsa suka fara gajarta, suka zo suka tsaya. Daga baya 'yarsa Megan ta rubuto ta ce ciwon mantuwa ya kama shi. Turanci ya zube masa, Hausar da yake yi musu a gida don ya ba su dariya ita ma ta tafi. Harshen uwarsa kaɗai ya rage, kuma ita ce ke jinyarsa.

Na roƙe ta ta kira ni in ya samu ranar da hankalinsa ya ɗan dawo. Wata Lahadi da hantsi ta kira. Na ce mata ina da maganar da zan gaya wa mahaifinta, ta taimaka ta juya masa, kada ta rage komai. Na faɗa da Turanci tun daga bayan zaure har zuwa taku na huɗu. Na faɗi arba'in, na faɗi ashirin da uku, na faɗi dalili. Sannan na ji ta juya tana yi masa magana da harshensu, a hankali, kamar mai lallashi.

Sai ga muryarsa. Ta tsufa amma ita ce. Ya yi magana mai tsawo, ta hau ta sauka, ya tsaya ya ci gaba. Ban san kalma ɗaya a harshen nan ba, kuma abin kunya ne, shekara biyu muna gida ɗaya ya koyi nawa ban koyi nasa ba. Sau ɗaya na ji ya ce Jega. Akwai inda muryar ta yi ƙarfi, ban sani ba ko faɗa ne, ko dariya ce, ko wani tsohon wasa ne ya faɗo masa a rai. Da ya yi shiru Megan ta dawo kan waya ta ce, "Kawu Bello, ya ce ba komai, ya yafe."

Na yi mata godiya. Wata huɗu bayan haka ya rasu.

Mutumin ya yi magana ta kusan minti biyu, aka ba ni kalma huɗu. Mai yiwuwa abin da ya faɗa ke nan, sauran zagaye ne irin na tsofaffi. Mai yiwuwa bai ma gane wa ke magana ba. Mai yiwuwa kuma ya gane sarai. Megan yarinyar kirki ce, duk shekara tana gaishe ni, har yau kuma ban tambaye ta ba, ba zan tambaya ba. Ta ji tsoho yana kuka daga wata duniya, ga ubanta a gabanta, ta zaɓi abin da za ta faɗa. In ma ta rage wani abu, don tausayi ta rage, ba irin nawa ba.

Abin da ya saura na Dauda yana da yawa. Finafinansa suna nan, jikokina sukan nemo mini su a waya. A Jega akwai tsofaffi, ba su da yawa yanzu, da in ka ce Baturen albasa sai su fara dariya kafin su ce Allah sarki. Cikin ɗalibanmu akwai waɗanda suka zama malamai suka yi ta shirya wasa a makarantun ƙauye, da irin koyarwarsa. Mutum ne mai sauƙin kai wanda ya yarda da abokinsa, ya ɗauki abin da ya same shi ya yi sana'a da shi, bai taɓa zama yana ƙorafi ba. Ina kewarsa ƙwarai, kuma kewar ba ta raguwa.

Ba addininmu ɗaya ba, ni kuma ba malami ba ne da zan ce ga makomar kowa. Abin da aka karantar da ni a zauren mahaifina shi ne haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don addininsa daban, kuma akwai ranar da za a tsayar da kowa da wanda ya zalunta. Na kusa tamanin, ranar ba ta da nisa a wurina. Ina tsoronta kamar kowa. Amma wani lokaci har ɗokinta nake yi, don a ranar ce kawai Dauda zai ji maganar daga bakina, ni ma in ji amsar daga nasa, babu kowa a tsakaninmu.